Tsakanin Dandamali da Lokeshan

Duk sa'ad da wani matashi ya turo mini saƙo cewa yana son shiga fim, na san abin da yake nufi: in haɗa shi da wani furodusa a Zoo Road, titin Kano da ofisoshin 'yan fim suke. Amsata ba ta cika yi musu daɗi ba. Nakan ce ya nemi ƙungiyar wasan kwaikwayo a unguwarsu ko makarantarsu, ya fara hawa dandamali tukuna.

Masana'antar kanta ta nan ta biyo. Tumbin Giwa, waɗanda suka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990, ƙungiyar wasan kwaikwayo ce tun kafin a san su da fim, kuma sunan Kannywood da muke tinƙaho da shi sai a 1999 ya fito a mujallar Tauraruwa. Kafin wannan lokacin su marigayi Ƙasimu Yero da marigayi Samanja sun daɗe suna tara mutane gaban talabijin daga Kaduna.

Ni a Zariya na koya, a Drama Village ta Jami'ar Ahmadu Bello, ginin ƙasan nan da aka yi tun shekarun 1970 bisa fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna a kewaye, fili a tsakiya, sama a buɗe. Ba makirufo muke atisaye da shi ba. Malaminmu yakan koma can ƙarshe ya zauna, kana tsakiyar magana sai ka ji ya ce, "Ban ji ka ba." Haka za ka yi ta maimaitawa har muryar ta koma fitowa daga ciki, ba daga maƙogwaro ba. Daga baya aka riƙa kai mu ƙauyuka yin wasan wayar da kai, kuma a can ne ake sanin ɗan wasa. Mutanen ƙauye ba sa jira a gama kafin su yi gyara. Wata tsohuwa ta taɓa katse mu ana tsakiyar wasa, ta ce wa abokina, "Ɗan nan, ba haka magidanci ke shiga gidansa ba." Ta yi gaskiya, a take muka sauya.

Lokeshan kuwa, wato wurin ɗaukar fim, wata duniya ce. Duk wanda ya fito daga dandamali zai ji darakta na cewa, "Rage, rage, kyamara na ganinka." Abin da kake yi da hannuwa da ƙirji don na bayan fili ya gani, a nan ƙifta ido ya isar. Wannan ana koyonsa cikin ɗan lokaci. Abin da ya fi wuya shi ne ba a ɗaukar fim a jere. Gidan da ake aiki a ciki na aro ne, yini ɗaya aka bayar, don haka da safe kana zaman makokin mahaifinka, bayan azahar kuna cin tuwo tare da shi. Sau da yawa ma sai ka iso za a miƙo maka takardar sin ɗin, wato fitowar da za a ɗauka, wani lokaci da baki kawai za a bayyana maka. In ba ka saba ɗaukar mutum guda tun daga farkon labarinsa har ƙarshe ba tare da an ce "kat" ba, za ka riƙa fitowa a kowane sin kamar wani sabon mutum, kuma mai kallo zai ji haka ko da bai iya faɗin dalili ba. Yanzu da kasuwar faifai ta mutu, aiki ya koma shirye-shirye masu dogon zango a YouTube da Arewa24, wadda ta fara a 2014, jarumi na iya shekaru yana riƙe da hali ɗaya. A ganina babu makarantar da ke koyar da wannan riƙon kamar dandamali.

Maganar kuɗi ba zan ɓoye ta ba. Dandamali ba ya ciyar da kowa, sai in wata ƙungiya ta ɗauki nauyin wasan. Fim ke biya, shi ma ga sabon shiga bisa yawan sin ne, ga rajista da Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001. Nakan cike giɓin da wasan rediyo. Hajiyata har yau in ta ji an kira ni ɗan fim sai ta gyara, ta ce wasan kwaikwayo na karanta a jami'a, kuma na fahimci damuwarta. 'Yan mata abokan aikinmu kuwa, kallon da ake yi musu ya fi nawa nauyi nesa ba kusa ba.

Abin da ke ci mini rai shi ne ƙarancin wuraren da za a riƙa sa wasa a kai a kai, mutane su sayi tikiti su shiga. Mu dai 'yan ƙungiyarmu mun samu aron aji a wata firamare, bayan Sallah za mu fara atisayen sabon wasa duk yammacin Alhamis. Na riga na roƙi furodusan da nake aiki da shi, na ce, "Yallaɓai, a taimaka kada a sa mini sin ranar Alhamis," kuma ya amince.