Daren da Bututun VPN Ya Kulle Ni Waje Daga Sabar Ofishinmu

A ofishin da nake kula wa da kwamfutoci a Samaru akwai wata ƙaramar sabar mai aiki da Ubuntu, wani nau'in Linux, wadda babban aikinta shi ne tuntuɓar wani kamfanin biyan kuɗi domin tabbatar da abin da abokan hulɗa suka turo. Kamfanin yana da sharaɗi guda ɗaya wanda ba ya sassauta shi, wato ba ya amsa wata buƙata sai idan ta fito daga adireshin IP ɗin da aka yi masa rajista tun farko. Layin intanet ɗinmu kuwa adireshinsa ba ya zama wuri ɗaya, domin duk lokacin da aka ɗauke wuta rauta ta mutu ta sake tashi, sau da yawa sai mu wayi gari da wani sabo, kuma wanda ya san Zariya ya san wannan ba abu ne na sau ɗaya a mako ba.

Mafitar da na zaɓa ita ce in yi hayar wata sabar mai araha a ƙasar Jamus, mai adireshi tsayayye, in shimfiɗa bututun VPN tsakaninta da ta Samaru, ta yadda duk abin da ya fita daga tamu zai fara biyawa ta can kafin ya shiga intanet. Kamfanin ba zai ga kowa ba sai adireshin Jamus, wanda shi na ba su suka yi wa rajista.

Wajen shimfiɗa bututun na yi amfani da WireGuard, wanda Jason Donenfeld ya rubuta, aka kuma shigar da shi cikin zuciyar Linux a sigar 5.6 a shekarar 2020. OpenVPN ya girme shi nesa, tun 2001 ake amfani da shi, kuma zai iya yin wannan aikin, sai dai fayil ɗin saitin WireGuard bai wuce 'yan layuka ba, kuma ni na fi yarda da abin da zan iya karantawa gaba ɗaya in gane.

A ɓangaren Jamus aikin ba shi da yawa. Na ƙirƙiri mabuɗin sirri da na fili, na ba bututun adireshin 10.8.0.1, na buɗe ƙofar UDP mai lamba 51820 a katangar tsaro. Daga nan na mayar da net.ipv4.ip_forward zuwa 1, domin Linux ba ya miƙa fakitin (ƙunshin bayanai) da ba nasa ba zuwa gaba sai an ba shi izini, sannan na sa dokar MASQUERADE a iptables, wadda take goge adireshin cikin bututu ta rubuta na sabar Jamus a kan kowane fakiti mai fita, ta kuma tuna wanda za ta mayar wa amsa. A ɓangaren Samaru na ba bututun 10.8.0.2, na sa PersistentKeepalive a kan daƙiƙa 25 don kada rauta ta manta da haɗin idan an jima ba a aika komai ba, na kuma rubuta 0.0.0.0/0 a layin AllowedIPs, wanda ma'anarsa ita ce duk adireshin da ke duniya a bi ta bututu.

Wannan layi na ƙarshe shi ne ya jawo mini tafiyar dare. Ina zaune a gida a Tudun Wada bayan sallar isha'i, na shiga sabar ta SSH, hanyar sarrafa kwamfuta daga nesa, na buga wg-quick up wg0, umarnin da ke kunna bututun, sai allo ya tsaya cik. Na sake ƙoƙarin shiga, shiru. Da yake da safe ake buƙatar sabar, dole na fito na tari ɗan acaɓa, muka bi ta Kwangila har Samaru, inda na tsaya ina ƙwanƙwasa ƙofa ina ce wa maigadi, "Baba, don Allah a yi haƙuri a buɗe mini, aiki ne ya taso." Ya buɗe yana tambaya ko lafiya, na rasa yadda zan bayyana masa cewa ni da hannuna na rufe wa kaina ƙofa alhali ina can Tudun Wada.

Sabar ba ta lalace ba, bututun ma yana aiki lafiya lau. Abin da ya faru shi ne, fakitocina suna isowa ta layin ofis kamar kullum, amma idan sabar ta tashi mayar da amsa sai ta duba jadawalin hanyoyi, ta ga an ce komai ya bi ta bututu, sai ta aika amsar zuwa Jamus, inda ko dai a jefar da ita ko ta fito da adireshin da kwamfutata ba ta taɓa magana da shi ba. Tambaya ta shigo ta wata ƙofa, amsa ta fita ta wata, kuma TCP, ƙa'idar haɗin da SSH ke bi, ba ya karɓar amsa daga baƙon adireshi. Wg-quick yana da dabarar kare kansa daga irin wannan: yana buɗe jadawali na daban mai lamba 51820, yana kuma yi wa fakitocinsa alama don kada bututu ya yi ƙoƙarin shiga cikin kansa. Wannan kariya tasa ce kaɗai, ba ta shafi SSH ɗina ba.

Gyaran layi ɗaya ne. Na ƙara doka da ip rule wadda take cewa duk fakitin da ya riga ya ɗauki adireshin sabar na cikin ofis, wato 192.168.1.10, a duba masa babban jadawali na asali, na kuma ba ta lambar fifiko 100 don a karanta ta kafin dokokin WireGuard. Hikimar ita ce, amsar haɗin da ya shigo daga waje ta riga ta san adireshin da za ta fita da shi, saboda haka dokar tana kama ta, shi kuwa sabon haɗin da sabar ta fara da kanta bai zaɓi adireshi ba tukuna, sai ya zarce zuwa bututu. Na sa dokar a PostUp, layin da ake aiwatarwa bayan an kunna bututu, na sa mai goge ta a PostDown, na bayan an kashe shi. Tun daga ranar kuma ba na taɓa jadawalin hanyoyi daga nesa sai na fara ajiye umarnin da zai kashe bututun da kansa bayan minti biyar idan ban soke shi ba.

Bayan kwana biyu wata matsala ta ɓullo: ping, wato ƙaramin saƙon gwajin haɗi, yana tafiya, amma wasu shafukan HTTPS suna maƙalewa. WireGuard yana ware bayit 80 daga 1500 da fakiti ɗaya kan iya ɗauka domin lulluɓinsa, ya bar 1420, layinmu kuwa bai kai ya ɗauki wannan ba, sai da na rage MTU, wato iyakar girman fakiti, zuwa 1380 komai ya daidaita. Ya kamata kuma a lura cewa 0.0.0.0/0 bai haɗa da IPv6, sabon tsarin adiresoshin IP, ba, wanda ke da shi a layinsa sai ya ƙara ::/0, in ba haka ba wani ɓangare na zirga-zirgarsa zai ci gaba da fita ta tsohuwar hanya bai sani ba.

Daga baya na zauna na tambayi kaina ko ina buƙatar tura komai ta Jamus. Fakitin da zai je wata sabar a Legas sai ya bar Zariya ya gangara bakin teku, ya bi wayar ƙarƙashin ruwa zuwa Turai, sannan ya juyo, kuma idan sabar Jamus ta tsaya tamu ma ta rasa intanet baki ɗaya, har da sabunta manhajoji. Buƙatata tun asali kamfani ɗaya ce kawai. Na nemi jerin adiresoshinsu, suka turo mini, na cire 0.0.0.0/0 na rubuta su kaɗai a AllowedIPs tare da 10.8.0.1. Yanzu abin da ya shafi biyan kuɗi ne kaɗai yake bi ta bututu, sauran kuwa suna fita ta layin ofis, kuma SSH ɗin da ya fito da ni da dare ba ya ma buƙatar waccan doka, ko da yake na bar ta a wurinta.