Yadda na lallaɓa batirin laftof ɗina

Laftof ɗina ta hannu ce, na saye ta lokacin da zan fara rubuta furojet, kuma a unguwarmu wuta sai an ga dama, wani lokacin a kawo ƙarfe 2 na dare a ɗauke kafin asuba. To in na cika caji da ƙyar take kai ni awa ɗaya da rabi, ina tsakiyar taifin sai kawai ta mutu, ranar da ta tafi min da shafi uku ban yi sebin ba wallahi kamar in yi kuka.

Na ɗauke ta na kai wa mai gyara da niyyar sayen sabon batir. Mutumin ya ce ɗan'uwa dakata tukuna, ya buɗe Command Prompt, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni, ya rubuta powercfg /batteryreport, sai ga rahoto ya fito. Ya nuna min layi biyu, ɗaya ƙarfin batirin lokacin yana sabo, ɗaya kuma abin da yake iya ɗauka yanzu, nawa ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku amma da sauran ransa. Sai ya juya ta ya nuna min ramukan iska na ƙasa, ƙura ta toshe su tam, da ya hura fankar sai da ƙurar ta sa mu tari. Ya ce a kan katifa kake ɗora ta ko? Na ce eh. Ya ce ai zafi shi ne babban abokin gabar irin wannan batirin na lithium, balle a zafin watan Afrilu.

Tun ranar na samu faifan katako nake ɗora ta a kai. Hasken sikirin kuma da kullum a ƙure yake, na dawo da shi wajen 40, da daddare ma ƙasa da haka, kuma gaskiya wannan ne ya fi komai kawo canji, don sikirin yana shan wuta ba kaɗan ba. Battery saver na Windows, wato tsarin rage shan caji, a laftof ɗina da kansa sai caji ya sauka 20 yake kunnuwa, ni yanzu ana ɗauke wuta nake kunna shi da hannuna. Na danna Ctrl, Shift da Esc na shiga Task Manager, inda ake ganin abubuwan da ke aiki a kwamfuta, na ga tarkacen manhajoji da ke tashi tare da kwamfutar ban ma san da su ba, na kashe su. Chrome ma da sai in buɗe shafuka sun fi ashirin in bar su, yanzu uku ko huɗu.

Abin da ya fi min wuyar bari shi ne cajin waya a jikinta, don ƙannena da sun ga na kunna sai kowa ya zo da kebul ɗinsa, Yaya ɗan sa min. Dole na hana, har ni kaina, na haɗa kuɗi na sayi ƙaramin fawa banki saboda wayoyin.

Maganar da ake yi cewa a riƙa barin caji tsakanin 20 da 80 don batir ya daɗe bai lalace ba, gaskiya ce, sai dai ni in wuta ta zo cikawa nake har 100 tunda ban san yaushe za ta dawo ba, abin da dai na daina shi ne barinta ta mutu gaba ɗaya. Yanzu in taifin kawai nake, Wi-Fi da Bluetooth a kashe, tana kai ni awa uku har da ɗan ɗori, kuma batirin nan dai shi ne a ciki.