Abin da aikin ɗakin karatu ya koya mini a Madina

Ɗalibin da ya samu gurbi a Jami'ar Musulunci ta Madina, wadda aka kafa a shekarar 1961, yakan samu masauki da alawus na wata-wata, shi ya sa mutanen gida suke ɗauka cewa ba shi da wata damuwa sai karatu. Amma da yawa daga cikinmu, 'yan Nijeriya da Nijar da Gana, mun baro iyaye da ƙanne masu sa ran wani abu daga hannunmu, ga kuma littattafan da kowane ɗalibin Shari'a ko Hadisi yake kwaɗayin mallaka kafin ya koma gida. Iƙamar ɗalibi, wato takardar izinin zamansa a Saudiyya, ba ta ba shi damar neman aiki a kasuwa ko a shagon wani, don haka ƙofar da ta rage ita ce ta 'yan ayyukan cikin jami'a, inda ake biyan mutum gwargwadon awoyin da ya yi. Ni rabona ya faɗa a ɗakin karatu.

Aikin ba shi da wuyar fahimta. Ɗalibai su ɗauko littattafai su bar su a kan tebura, ni kuma in tattara su a keken turawa, in duba lambar da ke manne a gadon bayan kowanne, in mayar da shi kantarsa. Wanda ya nuna mini aikin wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Madina, wanda ya ce kakanninsa da ƙafa suka ratso Chadi da Sudan kafin su tsallako teku daga Sawakin. Wata rana ya zaro mujalladi na bakwai na wani sharhin hadisi daga tsakiyar littattafan nahawu, ya goge ƙurar da ke kansa da gefen rigarsa, ya ce da ni: "Ɗana, littafin da aka ajiye ba a mazauninsa ba, da shi da wanda aka sace duk ɗaya ne a wurin mai nema." Na ce, "Haka ne, Baba." Tun daga ranar nake kallon aikin a matsayin amana, domin ɗalibin da ya rasa wannan mujalladi zai iya ɓata yini guda yana nema, kuma ba zai taɓa sanin wanda ya jawo masa ba.

Akwai 'yan'uwa da suke ganin cewa tura keken littattafai bai dace da ɗalibin ilimi ba, musamman wanda aka saba kiransa malam a garinsu. Ban yarda da wannan ra'ayi ba ko kaɗan. Almajirin da ya taso a zaure ya san cewa malamanmu sun yi noma, sun yi ɗinkin hula, sun yi rubutun littattafai da hannu domin su ci halal, kuma wannan bai rage musu daraja ba.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne lokaci. Darussan aji suna cinye safiya har zuwa Azahar, bayan La'asar kuma motocin jami'a suna kwasar ɗalibai zuwa Masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, inda manyan malamai suke karantarwa a halƙoƙi, wato da'irorin karatu. Duk yammacin da na tsaya aiki, na san akwai darasin da ya wuce ni, kuma babu riyal ɗin da zai dawo da shi. Wannan ya sa na zauna na ware ranakun halƙa waɗanda ba na taɓa su, na kuma daina karɓar ƙarin awoyi idan jarrabawa ta gabato. Sabon ɗalibin da yake cibiyar koyon Larabci ta jami'ar, shawarar da nake ba shi ita ce ya jinkirta neman aiki har harshensa ya zauna, domin a wannan matakin kowace awa tana da tsada.

Ribar da ban yi tsammani ba ta bayyana ne lokacin da na zo rubuta bahasin kammala karatu. Abokaina suna yawo tsakanin kantoci suna tambaya, ni kuwa na riga na san inda littattafan fiƙihun Malikiyya suka fara da inda suka ƙare, na san bugun da aka tantance shi da kyau da wanda kurakurai suka yi masa yawa, har wasu daga cikinsu suka riƙa zuwa wurina da jerin sunayen littattafai kafin su je wurin malamin da ke duba aikinsu.