Laftof mai mutuwa da kanta kuma ta ƙi karɓar Windows, ga yadda muka ƙare da ita

In laftof tana ɗaukewa ɗif ba sallama, ba shuɗin sikirin ba saƙon komai, to kar wanda ya ce maka fomat ne maganinta. A kan kwamfutar ƙanwata na ga haka da idona, shi ya sa nace bari in rubuta ko wani zai amfana, don na lura kusan duk matsalar da ka kai shago amsar ɗaya ce, "sai an mata fomat oga".

Tata irin tokumbon nan ce da ɗalibai ke yawan saye, Core i5 ƙarni na shida, ram 8GB amma guda biyu ne 4 da 4, sai SSD 256GB. Tun wajen ƙarshen hunturu ta fara, ana cikin taifin ko kallo sai kawai ta mutu, in an kunna nan take ta ɗan tashi ta sake mutuwa, in an bar ta ta huce kuma sai ta jima tana aiki kamar ba ita ba. Yarinya ta kai wa wani mai gyara, yace bairos ne, ya sa filash ya goge fatishin ɗin gaba ɗaya, ana tsakiyar sa Windows sai injin ya ɗauke, ya sake, ya ɗauke, da ya ga abin ya fi ƙarfinsa sai yace madabod, wato babban allon da duk kayan cikin injin ke kai, shi ne ya tafi gara ta sayar masa a matsayin sikiraf. Ta kira ni tana kuka, "Yaya wai kwamfutata ta mutu gaba ɗaya". Allah ya taimaka furojek ɗinta tana da kwafi a imel, amma hotuna da handawut na shekara uku duk sun tafi, kuma SSD ba kamar tsohon hadis mai juyawa ba ne, in aka goge abu a kansa dawo da shi sai an yi sa'a sosai. Don haka abu na farko, kafin kowa ya taɓa maɓallin gogewa a cire dis ɗin a sa a kes, ɗan akwatin nan da ake jona dis da shi ta USB, a kwashe kaya a wata kwamfutar, ko a tada injin da filash ɗin Linux Mint ko Ubuntu, wanda yake tashi ba sai an sa shi a kan dis ba, a kwafe komai tukun.

Da aka kawo min ita abin da na fara yi ban ma nufi Windows ba. Na kunna na shiga BIOS, wato shafin saitin injin da ake shiga kafin Windows ta tashi, na ajiye ta kan tebur ina kallonta. Maɓallin shiga ya danganta da kamfani, HP F10 ne, Dell F2, in kuma jerin abin da za ka tada injin da shi kake nema HP F9, Dell F12. Hikimar ita ce a cikin BIOS babu Windows babu bairos babu direba, in ta mutu a nan to laifin na ƙarfe ne. Ai kuwa ta mutu, ta dai ɗan fi jimawa. Kuma kafin ta mutu fanka sai ihu take, amma da na kai hannu wajen tagar da iska ke fita a gefe, ba iskar kirki, ga ƙasan injin ya yi zafin da ba ka iya barin tafin hannunka a kai.

Duk da haka sai da na fitar da wuta daga zargi, don a garin nan cajar jabu ta yi yawa, kuma batir da ya gaji ma yana sa irin wannan ɗaukewar. Na aro caja ta asali mai bolt da wat daidai da abin da aka rubuta a ƙasan injin, na cire batir na gwada da caja kaɗai, labarin bai canza ba. Shike nan, saura zafi.

Ita firosesar Intel irin wannan iyakarta wajen digiri 100 ne, in ta kusa kai wa sai ta rage gudu da kanta, in hakan bai isa ba sai ta yanke wuta gaba ɗaya don kar ta ƙone. Shi ya sa ba ka ganin saƙo, ba lokacin rubuta saƙo ma. Kuma sa Windows aiki ne mai nauyi, musamman wajen da lamba ke hawa ana warware fayiloli, don a dunƙule suke a matse cikin wani babban fayil guda, firosesa ce ke buɗe su ɗaya bayan ɗaya, to injin da yake mutuwa a kan taifin kawai ina zai iya wannan. Kenan duk sake gwadawar da mai shagon nan yake yi ƙara gasa ta kawai yake.

Na kife ta na kwance murfin ƙasa, na fara cire soket ɗin batir daga madabod kafin in taɓa komai, wannan kar a yi wasa da shi, sukudireba ɗaya ta zame ta haɗa waya biyu to maganar mai shagon ta zama gaskiya. Daga waje fankar tsaf take, ɗan ƙura ne kawai a fukafukanta. Sai da na kwance ta na ɗaga sannan na ga abin, tsakanin bakin fanka da siraran ƙarafan nan da iska ke ratsawa ƙura da zaren bargo da gashi sun haɗu sun daskare sun zama kamar guntun soso, na sa tsinke na ɗago shi ya fito a haɗe bai ko karye ba, tsawonsa daidai faɗin tagar. Wato fanka tana hura iska a bango. Masu busawa da bulowa ta waje ba su cire shi, ƙara cusa shi ciki ma suke. In za ka busa ka danne fankar da yatsa kar ta yi ta juyawa a guje.

Sai na kwance bututun jan ƙarfen da ke kan firosesa, sukurorinsa akwai lamba 1 zuwa 4 a jikinsu, ana bin lambar wajen ɗaurewa don ya zauna daidai. Man da ke tsakani, wanda masu gyara ke ce wa fes, ya bushe ƙamas yana ɓarewa da farce. Na goge da sifirit da ƙyalle mai tsabta har wurin ya yi ƙyalli, na ɗiga sabo ɗan kaɗan a tsakiya, ba a lafta shi, aikinsa kawai ya cike ƴan ramukan da ido bai gani tsakanin ƙarfe da ƙarfe. Na mayar na kunna, iska mai ɗumi ta fara fita ta gefe sosai, na bar ta a BIOS har na gaji da jira ba ta mutu ba.

To a nan ne fa na ɗauka an gama, ashe akwai sauran rina a kaba. Na haɗa filash ɗin sa Windows da wata manhaja mai suna Rufus, Windows 10 na zaɓa, injin bai mutu ba wannan karon amma lamba tana cikin hawa sai ga saƙo wai ba a iya sa fayilolin da ake buƙata ba, lambar kuskure 0x8007025D. Na sake, ya kuma, sai dai ba a waje ɗaya yake tsayawa ba, yau a ƙasa-ƙasa anjima ya kusa ƙarshe. Ma'anar lambar nan ita ce abin da aka warware ya fito a gurɓace, bai yi daidai da yadda ya kamata ba, kuma hanyar da fayil ke bi gajeriya ce, daga filash ya bi ta soket ɗin USB ya shiga ram ya sauka kan dis, ɗaya daga cikin huɗun nan ne ke ɓata shi. Sai na bi su ɗaya-ɗaya daga mai sauƙi. Fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin Windows da ake zubawa a filash, na duba lambar SHA-256 ɗinsa, wadda ke nuna ko fayil ya sauko daidai, Rufus yana lissafa ta, na gwada da wadda Microsoft ta wallafa, daidai. Na canza soket, na canza filash, don filash na jabu da aka rubuta 32GB alhali cikinsa bai kai ba sun cika kasuwa, wani ɗan manhaja H2testw yana tona asirinsu. Na gwada filash ɗin a tawa kwamfutar lafiya lau. SSD kuma na sa a kes na duba da CrystalDiskInfo ya nuna ƙalau yake.

Saura ram, kuma tsayawar da yake yi a waje daban-daban ita ta fi sa ni zarginsa, da fayil ne ya lalace a filash da kullum a waje ɗaya zai riƙa tuntuɓe. Na sa MemTest86, manhajar gwada ram, a filash na tada injin da shi, shi ma baya buƙatar Windows, bai ma gama zagayen farko ba jan rubutu na kuskure ya fara zubowa. Na kashe na cire ram ɗaya na bar ɗaya, ya gama zagaye huɗu ba kuskure ko ɗaya. Na musanya, ja ya dawo. Don in tabbatar ba ramin ne ke da matsala ba na ɗauki mai kyan na sa a ramin ɗayan, lafiya. Na goge haƙoran mara lafiyan da roba irin ta fensir ko datti ne, ina, ya riga ya tafi. Ko zafin ne ya kashe shi ko da ma haka ya zo daga Turai, Allah masani, amma dai cuta biyu ce daban a jiki ɗaya, ɗaukewar ta zafi ce, ƙin karɓar Windows kuma na ram, kuma da na canza abu biyu a lokaci guda da har yau ban san wanne ne ya yi aiki ba.

Da ram guda ɗaya Windows ta shiga salin alin. Ɗan cikas ɗaya na samu tun farkon sa Windows ɗin, mai shagon ya mayar da BIOS kan Legacy, wato tsohon tsarin tada inji, ni kuma filash ɗina GPT na yi shi, mai tafiya da sabon tsari, sai da na dawo da BIOS ɗin kan sabon tsarin, UEFI, ya yarda ya tashi. Maganar ki kuwa, wato lambar lasisin Windows, ban sayi komai ba, irin waɗannan injinan lasisinsu yana cikin madabod, na danna cewa ba ni da ki, da ta hau intanet ta kunna kanta, don haka kar a yarda a sa maka kirak, wato lasisin jabu, a karɓi kuɗinka kafin a duba wannan. Na sa HWMonitor ina lura da zafi, tana zaune wajen digiri arba'in da wani abu zuwa hamsin, in an matsa mata ta kai saba'in da ɗoriya, a zafin Kano na watan Afrilu da yake haura 40 wannan ba laifi.

Wani zai ce me ya sa ba Windows 11 ba tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025. Gaskiya ne, sai dai a hukumance 11 tana son TPM 2.0, wani ɓangaren tsaro a cikin injin, da Intel ƙarni na takwas zuwa sama, tamu ta shida ce. Rufus yana da wajen da za ka cire sharuɗɗan, mutane na yi, amma a kan ram 4GB ban ga amfanin wahalar da ita ba, ta gama furojek tukun, daga baya ko Linux Mint in sa mata in ta yarda ta koya.

Na dai kafa mata doka, ba ɗora laftof kan katifa ko filo ko kan cinya da zani ya toshe ƙasanta, a samu faranti ko babban littafi mai kauri, kuma duk bayan hunturu a buɗe a share. Tace "to Yaya ram ɗin fa, ai ta rage sauri". Nace ta ɗauki mai kyan ta nuna a shago, a karanta takardar jikinsa, don ƙarni na shida wasu DDR3L suke ci wasu DDR4, ƴar tsagar da ke tsakanin haƙoransu ma ba waje ɗaya take ba, wanda ba nasa ba ba zai shiga ramin ba. Kuma ta tafi da filash ɗin MemTest86 a jaka, a sa ram ɗin a gabanta ya yi ko zagaye ɗaya ne kafin ta tura kuɗi, in mai shago ya ƙi yarda ta wuce shago na gaba.