Abin da wata karya da 'ya'yanta shida suka koya mini

Da na je koyon aiki a wani asibitin dabbobi, hankalina duk yana kan shanu da awaki, tunda su na tashi na gani a gida. Sai babban likita ya damƙa mini kula da wata karya da ta haihu a ɗakin baya, 'ya'ya shida.

Ban taɓa kallon ɗan kwikwiyo kusa-kusa haka ba. Ana haihuwarsa ido a rufe, kunne a toshe, ƙanshin uwa da ɗuminta kaɗai yake bi. Ko fitsari ba ya iya yi sai ta lashe masa ciki. Jikinsa bai iya riƙe zafi ba tukuna, shi ya sa da sanyin asuba nakan tarar da su a dunƙule wuri ɗaya kamar curin fura. Tsakanin kwana 10 da 14 idanu suka buɗe.

Wajen mako uku haƙoran farko suka fara tsirowa, guda 28 ne in sun cika, masu tsini kamar allura. Nan wasa ya kankama. Wata rana wani baƙi daga cikinsu ya damƙi kunnen 'yar'uwarsa, ta tsala ihu ta juya masa baya, wasa ya mutu. Ya tsaya sororo. Da suka sake haɗuwa, sai na ga ya sassauta kamun. Na tashi zan raba su, likita ya ce, "Bar su, malam. Nan yake sanin iyakar bakinsa."

Daga baya na karanta aikin John Paul Scott da John Fuller, waɗanda suka yi shekaru suna nazarin karnuka a Bar Harbor ta jihar Maine a Amurka, suka wallafa shi a 1965. Sun nuna cewa daga mako 3 zuwa kusan 12 ne kwikwiyo ke sabawa da mutane da 'yan'uwansa karnuka. Abin da bai saba da shi a lokacin ba, sau da yawa tsoronsa zai riƙa ji.

Ban gane nauyin wannan ba sai da wani magidanci ya kawo kare ɗan wata bakwai da ya ciji ɗansa. An tura yaron asibiti, mu kuma muka tsare karen kwana 10 saboda fargabar cutar haukan kare. Lafiyarsa ƙalau. Amma da ka matso sai ya maƙale a lungu, wutsiya a tsakanin cinyoyi, kunnuwa a kwance, jiki na ɓari. Na ce, "Alhaji, yaushe aka raba shi da uwarsa?" Ya ce yana da mako huɗu, kuma tun ranar yake ɗaure a bayan gida, ba mai zuwa wurinsa, wai don ya yi zafi. Abin ya tsaya mini a rai, domin mutumin ba mugu ba ne, gadi kawai yake nema, haka kuma aka ce masa ana yi.

Yanzu duk wanda ya zo da kwikwiyo a kwali, tambayar nan nake fara yi masa. Ina roƙon a bar shi da uwa har mako takwas, a fara allurar rigakafin fabo, cutar amai da gudawa mai kashe 'yan kwikwiyo, tsakanin mako shida da takwas, ta haukan kare kuma a wata uku. In ya soma cinye takalma wajen wata huɗu, famfara yake yi, haƙora 42 ke tafe, a ba shi igiya mai kauri ya tauna, a ajiye bulala.