Bana Kent ɗina ya tsira daga tsutsa

'Yan uwa masu lambun mangwaro, albishirinku. Jiya na yanka mangwaro irin Kent daga bishiyoyin bakin rijiya, tsoka jawur har ƙwallo, babu tsutsa ko ɗaya. Alhamdu lillahi. Wanda ya san yadda ƙudan nan mai sa wa mangwaro tsutsa ya ci min tuwo a ƙwarya bara zai fahimci murnata.

Matsalar da ta hana ni barci ita ce tarko. Irin wanda kowa yake yi ne: gorar roba a huda ta gefe, a rataye auduga mai methyl eugenol, wani ƙamshi mai jawo ƙudan, da ɗigon maganin ƙwari a ciki. Duk mako in na juye gorar, ƙudaje tuli guda, masu ɗigon rawaya a ƙirji. Amma in ka ɗaga mangwaro ka duba, ga ɗan baƙin tabo kamar tsinin allura, wani lokaci da ɗan danƙo a bakinsa. Ka latsa wurin ya lotsa. Ka tsaga, farar tsutsa tana ta motsi. Tarko cike, kwando kuma rabinsa na zubarwa!

Ashe methyl eugenol maza kawai yake jawowa, kuma a nan galibi mazan jinsi ɗaya, wato Bactrocera dorsalis, baƙon da aka fara gani a Kenya a 2003 kafin ya mamaye Afirka ta Yamma. Macen da ke soka ƙwai ƙarƙashin ɓawo ko kallon gorar ba ta yi. Sannan ga namu na gida, Ceratitis cosyra, wanda wannan ƙamshin bai dame shi ba sam. Masu bincike a Jamhuriyar Benin sun nuna shi ne ke ɓarna a farkon kaka lokacin zafi, baƙon kuma sai ruwa ya sauka yake yawaita. Shi ya sa Kent da Keitt, masu nuna cikin damina, suka fi shan wuya. A ganina tarkon nan ma'auni ne da ke gaya maka ƙuda ya iso. A ƙaramin lambu irin nawa, shi kaɗai ba ya kare komai.

Sai na koma kan macen. Tana buƙatar furotin kafin ƙwanta ya ƙosa, don haka na nemo Success Appat, abincin yaudara mai maganin ƙwari spinosad a ciki. Kashi ɗaya a ruwa kashi biyar, a fesa ɗan fili a ƙarƙashin ganye gefe guda na kowace bishiya, ba a jiƙe ta duka ba. Kuɗinsa ya yi min ciwo, gaskiya. Sai da na haɗa cinikin Binta Siga na farkon kaka kaf kafin na saya, kuma duk ruwan sama mai ƙarfi sai ya wanke shi a sake fesawa. Akwai ranar da na gama feshi da hantsi, kafin la'asar hadari ya haɗo. Zama na yi a gindin bishiya ina kallon kuɗina na bin ƙasa.

Amma abin da na fi yarda ya juya lamarin bai ci ko sisi ba: tsintar wanda ya faɗi. Tsutsa in ta ƙoshi fitowa take ta shige ƙasa, bayan kwana goma ko makamancin haka ta fito ƙuda. Kowane ruɓaɓɓen mangwaro da aka bari a gindi gidan reno ne. Yanzu ni da yara kullum da safe muna tsince su tas, mu ɗura a baƙar leda mai kauri, mu ɗaure bakin tam, mu shanya a rana kwana biyu. Warin in an kwance ba a magana. Wanda ya yi yawa mu haƙa rami mai zurfin rabin mita mu binne, don in ramin bai kai haka ba suna fitowa. Cibiyar binciken ƙwari ta icipe da ke Nairobi tana da wata rumfar raga da ake zuba su ciki: ƙuda ya maƙale, amma ɗan zanzaron nan Fopius arisanus mai kashe ƙwansa ya fice ta ramukan ragar. Ina son ɗinka irinta, ban kai ga haka ba tukuna.

Manyan 'ya'yan da hannu ke kaiwa kuma na sa musu riga da tsohuwar jarida. Ruwa biyu ya yayyage ta, sai na sauya da takarda mai kauri. Waɗannan ne suka fito sumul, ko tabo babu.

Saura lambun maƙwabcina. Mangwaronsa na nan zube yana ruɓewa, ƙuda kuwa bai san shinge ba. Bishiyoyina na wannan ɓangaren har yanzu ana soka su. Na kai masa ledoji kyauta, ya ce in Allah ya yarda. Ranar Juma'a bayan masallaci zan koma da yarana mu tsince masa da kanmu.