Kafin in miƙa makullin ɗakin gwaji

Waɗanda muka yi aiki tare sun san abin da ya shiga tsakanina da mudir, wato shugabanmu a wurin aiki, amma rabin labarin suka ji. Da damina wani dattijo makiyayi daga ƙauyukan Gadarif, a gabashin Sudan, ya zo yana kukan faɗa-wuta na damun shanunsa da dare. Na ce, "Baffa, mu je in gani." Da na haska tocila, ga su nan jere a gefen idon saniya suna tsotsar hawaye. Na kama kaɗan, na rubuta rahoto.

A ciki na raba abu biyu. Masu shan hawaye irin Arcyophora an daɗe da sanin su a Afirka, kuma ba sa huda fata. Masu hudawa su ne Calyptra, waɗanda Hans Bänziger, masanin ƙwari ɗan Suwizalan, ya bayyana halinsu a Malesiya a 1968. Asalinsu 'ya'yan itace suke hudawa. Bakinsu na da 'yan ƙugiyoyi, sai ƙwaron ya yi ta kaɗa kai har ya ratsa fatar ɓauna ko giwa. Mazan kaɗai ke shan jini, ana kuma kyautata zaton gishiri suke nema. A 2006 Jennifer Zaspel, wata masaniyar ƙwari, ta miƙa wa ɗaya babban yatsanta a gabashin Rasha, ya kuwa huda. Na rubuta ƙarara cewa namu ba su ba ne, amma a bincika ko suna da hannu a ciwon idon da ke yawo a garken.

Mudir bai wuce shafin farko ba. A taron safe, da kofin shayi a hannu, ya ce, "Ustaz ya gano mana faɗa-wuta mai shan jini, sai mu ɗinka wa shanu gidan sauro." Aka bushe da dariya, har da waɗanda na san sun karanta. Na ce, "Dakta, a duba shafi na biyu." Ya ce ba shi da lokacin tatsuniya. Daga ranar aka daina tura ni garke, sai ƙirgar kaska.

Wanda zai gaje ni, ka sa hukuncinka a layin farko, don wasu manyan nan suke tsayawa. In makiyayi ya ce ya ga abu, ka bi shi da daren. Ka kuma riƙe kwafin duk abin da ka miƙa. Nawa yana wurina, da hatimin magatakarda a kai.